Allurar da Inna ta ce ruwa ce

Tun ina aji biyu na ƙaramar sakandare ciwon suga ya kama ni, kuma a ajin na tsaya, amma kar in yi wa suga sharri, ba shi ya hana ni karatu ba. Shekara bakwai ina yi wa kaina allura safe da yamma, daga wata 'yar kwalba mai farin ruwa. Sai ka murza ta a tafin hannu ta haɗe kamar nono kafin ka zuƙa. A unguwar Takur cikin Dutse nake zaune gidan kawuna, ina tuƙa napep.

Da sugan ya fara yi min hawa da sauka, likita ya ce za a canza min allura. Ya tura ni wajen wata nas, ta ɗauko wani abu kamar biro.

Na ce, "Malama, ni da na gudo daga makaranta, biro za ki ƙara ba ni?"

"Rufe min baki ka saurara. Wannan sau ɗaya ake yi a rana, tana aiki har gobe war haka. Tsohuwar kuma ka daina ta kwata-kwata. Me na ce?"

"Kin ce ina da kyau."

Ta ɗaga fayil kamar za ta kwaɗa min. Amma wallahi na ji abin da ta ce, na ji sarai.

A satin na tafi ƙauyenmu wajen Buji yankan gero. Na jefa biron a jaka, har da rabin tsohuwar kwalbar, don a gidanmu ba a zubar da magani. Ba mu da wuta, saboda haka Inna, mahaifiyata, ita ke ajiye min allura a wata 'yar tukunya da ta binne cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa. Da na miƙa mata biron sai ta ɗaga shi ta saita rana.

"Wannan ai ruwa ne."

"Inna, sabon yayi ne. Sau ɗaya ma ake yi."

"Kai da kake cika baki babu mai cutarka a Dutse, ga shi an ɗura maka ruwan famfo. Kunu ma in ya tsinke ba ya riƙe ciki, bare magani."

Maganar ta sosa min rai. A ce ni aka yi wa wayo? Sai na yi lissafi irin na 'yan tasha: in yi duka biyun. In biron ruwa ne, tsohuwar ta rufa min asiri. In magani ne, na ci riba biyu. Har daɗi na ji, wai ni mai ƙwaƙwalwa.

Rana ta uku, koko kawai na sha muka tafi gona da yayana. Hantsi bai gama dubawa ba na ji wata zufa mai sanyi tana bin bayana. Wuƙa ta fara rawa a hannuna. Na kalli zangarniya ɗaya ta koma biyu.

"Yaya, gonar nan juyawa take."

"Ta juya da kai har Dutse, malalacin banza. Bara ma ranar ɗaurin dami ciwon ciki ka ƙirƙiro."

Kuma gaskiyarsa, na ƙirƙira. Na buɗe baki in ce masa yau da gaske ne, harshe ya ƙi. Daga nan ban san komai ba. Shi ya ba ni labari daga baya, wai na zube cikin kara ina sambatu ina shure-shure, shi kuma yana ta dariya, har da jifana da hoge. Ya ɗauka kwaikwayon ɗan maye nake, don na saba yi musu.

Allah ya kawo Inna da furar rana. Tana hango ni ta saki ƙwaryar. Kullum da guntun mazarƙwaila ƙulle a bakin zaninta saboda ni, shi ta murmushe ta dinga goga min a cikin kumatu.

Na farka kaina a cinyarta, bakina duk danƙo, wandona a jiƙe. Ƙato da ni. Yaya na tsugune a gefe ba hula, hannu biyu a ka, yana ta innalillahi. Na so in ce wani abu su yi dariya, na laluba na rasa. A babur aka kai ni asibitin Buji, suka sa min ruwan suga ta jijiya.

Da zan koma Dutse Inna ta ce ƙafarta ƙafata. Muka sami nas ɗin nan, na faɗa mata abin da na yi. Na shirya shan zagi, har na tanadi amsa.

"Duka biyun? Kwana uku?"

Sai ta ja kujera ta zauna. Ba ta zage ni ba. Ta juya wajen Inna ta ce, "Mama, da furar nan ta ƙara latti kaɗan..." Ba ta ƙarasa ba.

Inna ta kwance bakin zani, ta ajiye tsohuwar kwalbar a kan tebur. 

"'Yar nan, ni na ce masa ruwa ne."

"Inna, ni na tsira wa kaina, kuma an faɗa min."

Nas ɗin ta nuna mata cewa haka launin ruwan biron yake, garau, in ma ya yi fari to ya lalace. Inna ta sa aka maimaita mata har sau biyu. Kwalbar kuwa a nan muka baro ta.

Yanzu sau ɗaya nake yi, bayan asuba. Abin da bai dawo ba shi ne dariyar Yaya. Ko da sallah na yi musu tafiyar ɗan maye, yara suna ta faɗuwa, shi kuwa ya taso ya riƙe min kafaɗa yana leƙa idona.

"Kai, ka ci abinci kuwa?"