Baba Mudi da Ƙarshen Mai Ludayi

Kullum da hantsi Baba Mudi yakan lallaɓo yana dafa bango har tsohuwar rumfarsa ta kallon fim da ke bayan tashar Kwanar Dangora. Ya share ƙofa, ya fito da benci guda, ya zauna yana sauraron motocin Zariya. Ba mai shiga. Talabijin ta daɗe da mutuwa, yanar ido kuma ta kusa rufe masa gani. Amma sharar nan ba ta fashi.

A rumfar nan muka san Mai Ludayi. Mu muka raɗa wa fim ɗin wannan suna, don ba wanda ya iya karanta rubutun jikin kwalinsa. Labarin wani ƙaton mai dafa abinci ne, matsoraci, da aljanu suka sace masa ƙanwa, ya bi su har ƙarƙashin ƙasa da ludayi da murfin tukunya. Ya tashi sama zai kai naushi, ya faɗa cikin miya. Baba Mudi yana tsaye gefe yana juya zancensu zuwa Hausa, alhali shi ma ba ya jin ko kalma.

Sai dai kaset ɗin guntu ne. Daidai inda boka mai farin gemu ya rataye Mai Ludayi da ƙafa ɗaya a kan rijiyar wuta, sai hoto ya watse. Da wani ne, da ya jefar da shi. Baba Mudi kuwa sai ya kashe injin, ya gyara hula, ya ce, "Ku natsu, saura a bakina yake."

Kuma bai taɓa maimaita ƙarshe ɗaya ba. Sai ya dubi fuskokin mutane tukuna.

Ismail, makiyayi daga Burumburum, bai manta da kakar da shanu suka yi ɓarna a wata gonar dawa ba. Makiyaya suka zauna benci daban, manoma daban, kowa da sandarsa. A ƙarshen da Baba Mudi ya bayar ranar, wani makiyayi ne ya miƙa wa Mai Ludayi sanda, wani manomi ya riƙe ƙugun makiyayin, suka fizgo shi, boka ya tsere ya bar gemunsa a ƙaya. "Na san da mu yake," in ji Ismail, "amma dariya ta riga ta kayar da ni. Da na waiga, mai dukan kafaɗata mai gonar ne."

Furera mai awara ba ta taɓa shiga ba, ta bayan zana take saurare. Ta ce, "In ya ji ƙamshin suyata, ranar ƙanwar ce za ta ceci yayan. Har murya yake ɗagawa."

Kai ne mai ɗinke abin da ya yage, Baba. Guntu aka ba ka, ka ciyar da gari da shi.

Kwanan baya Nasiru direba, wanda ya girma a kan bencin nan, ya samo fim ɗin cikakke a wayarsa. Ya zo ya durƙusa.

"Baba, barka da hutawa. Ga mutuminka na kawo, har ƙarshe."

Tsohon ya karɓa. Ya kai wayar dab da hancinsa, ya karkata ta, ya goge ido da bakin riga. Ƙarar faɗa kawai yake ji.

"Hayaƙi nake gani. Ya sauko?"

Nasiru ya riga ya kalla, kuma bai burge shi ba. Sai ya fara: "Ai wani makiyayi ne ya zo da sanda..."

"Kai, ɗan nema! Kayana za ka sayar mini?" Tsohon ya yi dariya har da tari. "Nawa na san su duka. Nasu nake so in gani, Nasiru. Tun ina da baƙin gashi na bar bawan Allahn nan a rataye."

Wannan magana ta isa ta hana mu sukuni. Mu nawa ne muka ci dariya a rumfar nan? Yau a cikinmu akwai malamai, da direbobi, da masu shaguna. Mu wuce, mu ɗaga hannu, mu ce "Allah ya ƙara lafiya, Baba," shi ke nan mun sauke nauyi. Ana aikin yanar ido, ba mu jahilci haka ba. Abin da ya rage shi ne mota da wanda zai zauna kusa da gadonsa. Addu'a muke yi masa a kan abin da Allah ya riga ya sa a hannunmu.

Mun gode, Baba Mudi. Allah ya saka maka da alheri, ya ba mu masu duban fuskar mutane irin naka.

Nasiru ya ce motarsa tana nan ranar Litinin. Wanda ya taɓa zama a bencin nan ya fito. Shekara da shekaru mutumin nan yana ba mu ƙarshen da bai gani ba. Mu kai shi asibiti ya ga ƙarshen fim ɗin da idonsa, ya sauko da Mai Ludayi.