Shekaru Biyar ɗin da Kawu Tela Ya Ƙara

Shekara ashirin da takwas Kawu Tela ya yi yana zuwa gidan motsa jikin nan na bayan kasuwa. Kafin ya buɗe shago sai ya rataya tawul a wuya, ya gangara ajin masu ɗaga nauyi na ƙarfe shida. A da babu wani tsari. Littafi ne mai cinyayyen bango a kan tebur, da biro ɗaure da zare, kowa ya rubuta sunansa ya wuce. Fanka ɗaya ce, tana kuka kamar za ta faɗo. Bencin kuwa, Kawu da hannunsa ya ɗinke masa fata sau uku. A ajin nan ya san Direba da Dogo mai walda, kuma su suka tsaya masa ranar da matarsa ta rasu.

Sai aka kawo kwamfuta, aka ce kowane aji da shekarunsa. Na ƙarfe shida daga sha takwas ne zuwa sittin.

Wata Litinin yarinyar da ke rajista ta danna sunansa, ta sake dannawa, ta ɗago kai a kunyace.

"Baba, ta ƙi. Wai jiya kun cika sittin da ɗaya."

"Ni? Hamsin da shida gare ni, 'yar nan!"

"To katin shaidarku ne ya faɗa."

Dogo ya ƙyalƙyale da dariya. "Ashe yayanmu ne kai, kake ta ɓoyewa!"

Kawu bai yi dariya ba. Ya tuna. Yana ɗan shekara goma sha uku mahaifinsa ya kwanta ciwo, masaƙa kuma ba ta ɗaukar wanda bai kai sha takwas ba. Ya sa takalmin yayansa, ya daure fuska, ya ƙara wa kansa shekara biyar. Da su ya samu aiki, da su ya ciyar da ƙannensa huɗu, har ya manta suna nan a katinsa.

Yarinyar ta rage murya. "In kun yarda, Baba, sai in gyara. Ba wanda zai sani."

Ya dubi ƙofar ajin. Yana jin ƙarar ƙarafa da muryar Direba yana ƙirga.

"A'a, kada a kore ki a kaina. Shekarun nan sun yi mini rana, ba zan yi musu butulci yau ba. Ina ake kai irinmu?"

"Ajin dattawa, ƙarfe goma."

Kwana uku bai leƙo ba. Yana zaune a gaban keken ɗinki, ƙafa na takawa, hankali na can. Ran na huɗu ya rufe shago ya tafi, kai a sunkuye kamar wanda aka kama da laifi.

Yana tura ƙofa ya ja ya tsaya. Ga tsohon kocinsa, wanda ya fara koya masa riƙon sandar ɗaga nauyi, zaune a kan kujera yana ɗaga gwiwa. Ga mai chemist ɗin da ya daina zuwa tun bara waccan. Duk waɗanda suka ɓace daga ajin safe ɗaya bayan ɗaya, ashe nan suke.

Kocin ya ƙura masa ido, sannan ya washe baki, babu haƙoran gaba.

"Kai, jama'a, mun yi auta! Me kake kallo? Ajiye tawul ɗin nan ka shimfiɗa mana tabarmi, yaro."

Kawu ya sunkuya ya fara shimfiɗawa, yana dariya yana goge ido da gefen hannu.