Shirun Dattijo da Dutsen Ƙanin Mijina

A shekarun da zan ba ku labari ina zaune a Fadaman Mada, mijina ya rasu, ina sayar da wake da gyaɗa a kasuwar Muda Lawal, kuma ni ce mai buga tulu a zumuntar mata ta cocinmu. Ɗana ɗaya ne tilo, saurayi mai ciwon sikila, yana koyon ɗinki a wani shago kusa da kasuwa. A lokacin in aka ce mini dattijon coci ya ce kaza, to magana ta ƙare. Ban iya musu ba, kuma gani nake wannan ita ce ibada.

Wata rana da azahar rigima ta tashi a bakin kasuwa tsakanin masu keke da wasu jami'an tsaro. Da ƙura ta lafa suka dawo suna kame kan mai uwa da wabi. Ɗana ya fito sayen zare ne, da tef ɗin awo a wuyansa aka jefa shi mota. Na bi su har inda suke tsare mutane, na durƙusa, na ce yaron nan ba shi da lafiya, ko maganinsa su karɓa su miƙa masa. Suka ce in dawo gobe. Goben ta zo suka ce jibi. Duk uwar da ta yi renon mai sikila ta san abin da siminti mai sanyi da rashin ruwan sha suke yi wa ƙashinsa. Ni ba kunyar kamu ce ta dame ni ba, tsoro nake kada a miƙo mini gawa.

Na garzaya wurin babban dattijon cocinmu ina kuka. Ya saurare ni yana kaɗa ƙafa, sannan ya ce hukuma daga Allah take, mai bi ba ya jayayya da ita, in je in yi addu'a, shi zai yi wa wani babba magana. Ya ƙara da cewa kada in yi surutu in jawo wa coci ido a garin nan. Haba Baba! Da ɗanka ne a kwance a ƙasa, coci za ka tuna? Amma ban faɗa ba. Na ce na gode, na koma gida na rufe bakina har makonni suka shuɗe. Wannan shirun shi ne abin da nake cizon yatsa a kansa har yau, domin babban da ya ce zai gani ko sunansa ban ƙara ji ba.

A ɗaya gefen kuma ga ƙanin mijina, mutum mai zuciya a kusa. Kullum yana ƙofar gidana yana kumfar baki, wai mu Kirista mun mai da kanmu tabarma kowa ya taka, wai kumatu biyu Allah ya ba mu kuma an mare su duka, saura me za mu juya. Ya ce in ba shi izini kawai ya tara samari su nuna wa mutanen nan su ma maza ne. Na ce masa a'a, Almasihun da nake bi bai ɗaga wa kowa hannu ba, kuma in wuta ta tashi ɗana ne a ciki, ba shi ba. Ya yi tsaki ya tafi.

Mamanmu shugabar zumunta, tsohuwar ungozoma, ita ta fitar da ni daga tsakaninsu. Ta yi mini faɗa sosai da na ɓoye mata. Ta ce girmama hukuma daban, yi mata shiru a kan zalunci daban, annabawa ma sun tsaya gaban sarakuna sun faɗi gaskiya ba sanda a hannunsu. Ta ce mu ɗaura zanen zumunta mu je mu zauna a gaban inda suke tsare da yaron. Ta kafa doka: ba zagi, ba tare hanya, ko lema kada wata ta riƙe, don kada a ce makami ne. Tulu da gora kawai muka ɗauka.

Muka zauna a tsallaken titi tun da hantsi muna waƙoƙin sujada, rana tana dukanmu. Masu wucewa suka riƙa tsayawa. Wata Bafulatana mai tallar nono ta tambayi abin da ya faru, da ta ji sai ta sauke ƙwaryarta ta zauna kusa da ni, ta ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Bayan la'asar babban jami'insu ya fito da kansa. Ya cire hula ya gaishe da Mama, ya saurare ta har ta gama, sannan ya juya ya ce a fito da yaron ya gani. Jama'a, na ga ɗana! Mutum biyu ne suka riƙo shi, idanunsa sun yi rawaya, yana jan ƙafa. Faɗin titi ne kawai tsakanina da shi, har na miƙe.

Sai na ji tau! Gilashin motarsu ya tarwatse. Ashe ƙanin mijina ya biyo mu da samarinsa sun laɓe a baya, wai gadinmu suke yi. Wa ya aike ka? Ganin yadda yaron ya koma ne ya sa ya ɗauki dutse. Kafin ka ce kwabo barkonon tsohuwa ya cika wurin, mata suna faɗuwa, Mama ta gurɗe a hannu. Ina gani aka ja ɗana aka mayar da shi ciki, ina ihu babu mai ji na. Shi mai jifan ya tsere ta lungu.

Daga nan magana ta canza. Aka ce ɗana ɗan tarzoma ne, ga shaida mutanensa sun kawo hari. Aka wuce da shi gidan yari, ya yi watanni kafin wata lauya ta tsaya mana kotu ta sallame shi. Ya fito da rai, na gode wa Allah, amma ƙashin ƙugunsa ya lalace. Da sanda yake tafiya yanzu, keken ɗinki ma ba ya iya takawa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne dukansu biyu babu wanda ya ga laifinsa. Dattijo ya zo duba mu ya ce ai ga abin da yake gudu nan, da na ci gaba da haƙuri. Ƙanin mijina har gobe yana bugun ƙirji a majalisa cewa ya nuna musu mu ba matsorata ba ne. An ce mu yafe, na sani, ina kuma roƙon Allah ya ba ni iko. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, har yanzu in aka zo da jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon nan da ake raba wa masu bi a coci, bari nake ya wuce ni, don zuciyata ba ta huce ba.

Abin da na koya shi ne hanyar Mama ce ta gaskiya, kuma ta yi aiki, da idona na gani. Ku shugabanni, ku daina fakewa da biyayya kuna rufe bakin talaka, tsoronku ne kuke sa wa rigar ibada. 'Yan'uwana mata, in hukuma ta taɓa naku ba da haƙƙi ba, ku je da wuri, ku je da yawa, ku yi magana da ladabi, kada ku jira kamar ni. Ku kuma samari masu ganin jifa ita ce jarumta, kafin ka sunkuya ka ɗauki dutse ka tambayi kanka wa yake hannunsu. Kai za ka gudu gida ka ci tuwo, ɗan wata ne zai kwana a ciki.