Kwana ukun Yaya Iliya

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Iliya kafinta, amma har yau in aka ambace shi a tashar Dakoro sai wani ya ce, wai wanda allonsa ya karya ƙafar Hamisu? Ni ne ƙanensa, Laminu direba. Kullum ina ji ina sunkuyar da kai, kuma wallahi na gaji.

Duk wanda ya taɓa jan mota zuwa ƙauyukan Mai Yara ya san rairayinmu. In mota ta kafe sai a tona, a cusa allo ƙarƙashin taya. Katako guda karyewa yake yi, shi ya sa Yaya yake tsaga shi falle-falle, ya shafe da danƙo, ya jera biyar, ya danne su cikin matsin da ya ƙera da kansa: ƙarafan tsohuwar babbar mota, da kirik na ɗaga mota, da gungumen da ya sassaƙa don bakin allon ya lanƙwaso sama. Ya gwada ƙaro, damina ta narkar da shi. Ya gwada farar kol, wato gam ɗin kafintoci, rana ta ɓamɓare ta. A ƙarshe ya tsaya kan wani danƙo mai kwalba biyu da ake kawo masa daga Maradi, wanda sai an gauraya yake kamawa. Dokarsa ɗaya ce, kwana uku cikin matsi, ko uban wa ke jira.

Wata ranar kasuwar Kornaka motata ta cika, allunana sun ƙare, Yaya kuma ya tafi suna Sabon Maci. Na shiga zaurensa na tarar da sababbi a matse tun jiya. Ragowar danƙon da ya bari a gwangwanin tumatir ya yi tauri, na ƙwanƙwasa da makulli, na ce ai ya kama. Ban san na gwangwani ya fi na tsakanin katako saurin daskarewa ba. Amma dokar kwana uku na san ta sarai, ba zan fake da jahilci ba. Na sassauta kirik, na kwashe allunan na loda a mota.

Da azahar muka kafe. Fasinja suka sauka turi, cikinsu har da Hamisu, wani manomi, daidai bayan taya. Na ba ta wuta. Allon ya dare, falle ɗaya ya yi tsalle ya same shi a ƙwauri. Ƙarar ƙashin nan tana kunnena har yanzu.

Da Yaya ya dawo ya dubi matsin, ya dubi gwangwanin, sannan ya dube ni.

"Kwana nawa, Laminu?"

Bai jira amsata ba. Ya sa hularsa ya tafi gidan Hamisu, ya ce a gaban mutane aikinsa ne ya ci amana. Ya san in gaskiya ta fito ƴan sandika, wato ƙungiyar direbobi, za su cire ni daga layi, ga iyali. Daga ranar ba wanda ya ƙara sayen allonsa. Ya koma ƙera benci da ƙyaure har Allah ya ɗauke shi, bai taɓa yi mini gori ba, kuma wannan ya fi duka ciwo.

Yau direbobi faranti na ƙarfe suke saye, an manta da allo. Da yana nan na san zai juya farantin, ya ƙwanƙwasa, ya ce abin kirki ne, don ba shi da ƙyashi. Abin da ban sani ba shi ne me zai ce da ni, da na bar sunansa a rana shekara da shekaru.

Juma'ar da ta wuce Hamisu ya ɗingiso ya riƙe hannuna a ƙofar masallaci, ya ce shi fa tuni ya yafe wa Iliya, har addu'a yana yi masa. Na kasa cewa amin.

Matsin na nan a zaure ya yi tsatsa, kirik ɗin a sake yadda na bar shi, don Yaya bai ƙara ɗaure shi ba. Kafin jaridar da za ta buga wannan rubutu nawa ta iso Dakoro zan je gidan Hamisu in faɗa masa da bakina. Ban san ko zai sake riƙe hannuna ba.

Kwana ɗaya ne, Yaya. Allah ya jiƙanka.