Sumar Labbo Mai Huluna

Duk wanda ya taɓa bi ta ƙofar gidanmu a Kaura Namoda da hantsi ya san abin da zai tarar: Labbo zaune a kan kifaffen turmi, ƙwaryar ruwa a gabansa, madubin babur a hannun hagu, yana tsoma yatsu yana murɗa gashinsa zobe-zobe. Sallama kaɗai yake amsawa, ita ma don ta zama dole. Sauran gaisuwa kuwa sai ka tsaya ya kai ƙeya. Ko gobara ake yi, sai ya kai ƙeya!

Ni taubashinsa ne, uwata ƙanwar ubansa ce, don haka ina da izinin faɗar abin da ku kuke jin nauyi. Mahaifiyarsa Bafillatanar Katuru ce, wajenta ya ɗebo gashin nan mai laushi, baƙi wuluk, wanda ke nannaɗewa da kansa kamar an biya shi. A garin da duk namijin kirki ke aske kai tas ya kifa hula, Labbo ya bar suma har ta kusa rufe kunne. Tun yana saurayi har furfura ta fara leƙowa, rigima ɗaya ake yi da shi: a aske, shi kuwa ya ce ba za a aske ba.

Babban abokin gabarsa shi ne Ɗan Ige, wanzamin gidanmu. Shi ke askin kowa, daga jariri har dattijo, kan Labbo ne kaɗai ya gagare shi. Duk ranar Juma'a in ya gama da mu, sai ya wasa aska a tafin hannu yana kallon Labbo kamar mahauci ya hangi sa.

"Labbo, kyauta za ni yi ma."

"Kyautar aska? Kai wa maƙiyinka."

"Wallahi ko gawarka ta, sai na aske wanga kai."

"To ka daɗe kana wasawa, don ni za ni bizne ka."

Abin da ya fi ba mutane haushi, sana'arsa sayar da huluna ce. Kube, damanga, dara, babu wadda ba ya ɗauka, daga Kasuwar Daji zuwa Shinkafi zuwa Zurmi. Amma ko sau ɗaya ba a taɓa ganin hula a kansa ba, wai tana danne zobba. Wani alhaji a Shinkafi ya gwada hula har ta zauna masa, sai ya dube shi ya ce, "Kai malam, in kayanka na da kyau, mi ya hana ka sa?"

Labbo ya shafa kai ya ce, "Alhaji, hula rufin asiri ta. Ni ko Allah ya riga ya rufa man."

Alhajin nan sanƙo ne da shi har ƙeya. Ya ajiye hula ya yi gaba, bai ƙara bi ta rumfar ba.

Ga dokoki kamar na gwamnati. Mataji bai taɓa shiga kansa ba, ya ce mataji na masu gashin buroshi ne irina, nasa da yatsa ake lallaɓa shi, shi ma sai yana jiƙe. Sabulu sai jefi-jefi. Mai kuwa sai man shanu ɗanye, wanda yake saye wajen matan Fulani a Kasuwar Daji bayan ya sunsuna ƙwarya goma. Da rana ta take sai man ya narke ya biyo wuya, ƙudaje su yi masa rakiya kamar sabon hakimi. Wata Alhamis a Shinkafi ya jingina da buhu yana gyangyaɗi, akuya ta zo ta bayansa ta lashe rabin kan tas. Da ya farka muna ta dariya, bai ko kore ta ba. Cewa ya yi, "Duk kasuwar ga, ita ɗai ta san abu mai kyau."

In zai hau kabu-kabu kuwa, juya wa direba baya yake yi, ya fuskanci inda aka fito, don kada iska ta watsa masa gaba. Haka za ka gan shi a hanyar Dauran, ƙullin huluna a cinya, yana ɗaga wa waɗanda aka wuce hannu. 'Yan kabu-kabu suka ce hawansa na karkatar da babur, yawancinsu suka daina tsaya masa. Ya ce ai gara, dama gudunsu ya yi yawa.

Da aka ba mu jiharmu ta Zamfara, gari ya fara canza kama. Yara suka buɗe shagunan aski, da janareta da kilifa da hotunan kawuna a bango. Wani daga cikinsu, wanda ya koyo aiki a Gusau, ya rantse wa Labbo cewa ya iya gyaran suma da almakashi, ba zai taɓa kilifa ba. Ni na zuga shi ya shiga, don na ga abin da zai faru. Labbo ya zauna ya yi masa bayani dalla-dalla: a bushe ake yanka, zobe ɗaya bayan ɗaya, kuma bakin kawai za a taɓa. Mai shago ya ce, "Baba, ka bar man aikina." Ya fesa ruwa, ya kama gashin goshi ya ja shi ya miƙe sambal, ya datse daidai inda ya ga ya dace.

To, gashin Labbo ba ya zama inda aka ja shi. Yana bushewa ya koma gida, tsuk! Gaban kai ya zama kamar gonar da fari suka kwana a ciki, gefe da baya kuwa daji na nan.

Labbo bai yi zagi ba. Ya miƙe da tsumman askin a wuya, ya taka har gida, ya sa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ya zauna ya sunkuyar da kai. Masu wucewa suka ga zaman makoki, suka fara cire takalma. Wani tsoho daga unguwar tasha ya durƙusa ya shafa fatiha ya ce, "Ashe rashi anka yi? Allah shi jiƙan musulmi. Babba ko yaro?"

Labbo ya ce, "Da ƙuruciyatai. Ko furfura bai fara ba."

Matarsa Hajo ce ta leƙo daga zaure ta ce, "Malam, ku tashi ku tahi harkokinku, gashinai na ya mutu, ba mutum ba!" Ɗan Ige kuwa har da kawo goron gaisuwa, ya ce ya zo ne ya ji ko za a ba shi sauran marayun ya riƙa.

Sai kuma Shari'a ta zo. Mun yi murna, an rufe gidajen giya, masallatai suka cika. Amma kun san halinmu, akwai waɗanda suka kwanta 'yan duniya suka tashi malamai. Har mutanen da muka san bencin da suke yini a bayan tasha suka koma auna wa jama'a tsawon wando. Ranar nan na raka Labbo kasuwar Zurmi, wasu samari masu sabon zafi suka tare shi, ɗaya riƙe da almakashi. Babbansu yana ta jan haɓa, inda wasu 'yan gasu ke ƙoƙarin zama gemu.

"Baba, tara suma ɗabi'ar 'yan iska ta. Yanzu zamani ya canza."

Labbo ya matsa kusa ya ƙura wa haɓar ido ya ce, "Ɗana, wanga naka shuka na ko tsiron banza? In kana so in ba ka iri."

Kasuwa ta ɗauki dariya, samari suka harzuƙa, suka ce sai an je gaban liman. Muka ɗunguma, jama'a na biye. Limamin tsoho ne tukuf, yana zaune a inuwar bedi da rawani kamar kwando. Ya saurari kowa, ya ce Labbo ya sunkuyo. Ya duba, ya sa yatsa, ya sunsuna. Sannan ya ce wa samarin barin gashi ba laifi ba ne in ana tsabtace shi, abin da aka hana shi ne a aske wani wuri a bar wani. Ya ce su mayar wa tela almakashinsa, su dawo bayan la'asar su ɗauki karatu, tunda ga alama suna da lokaci.

Da aka watse, sai liman ya yafito Labbo, ya waiga hagu da dama, ya ɗan ɗaga rawani. Kai ne kamar ƙwan jimina, har yana mayar da hasken rana. Ya rage murya ya ce, "Wane mai kaka shafawa?"

Labbo ya ce, "Allah gafarta Malam, wanga ya wuce mai, sai dai addu'a."

Daga ranar nan Labbo ya ƙara girman kai, ya ce ya ci wanzami, ya ci kilifa, ya ci almakashi. Ashe babban na nan tafe. Ɗansa Sanusi, wanda ya samu aiki a sakatariyar sabuwar jiha, ya biya masa kujerar Makka. Ana ta barka, ana ta guɗa, ni kuwa na matsa kusa da kunnensa na ce, "Taubashi, ka dai san in an yi jifa aski aka yi ko?"

Wallahi sai da goron bakinsa ya faɗi.

Ya bar kasuwa ya shiga bin malamai. Na Kaura suka ce aski ya fi lada, amma saisaye ya halatta. Ya ce bai gamsu da yawan saisayen ba, ya tafi Shinkafi. Can ma haka. Ya wuce Zurmi, ya gangara Dauran, yana neman malamin da zai rage masa, kamar mai taya akuya. Wani ya nuna masa gaɓar yatsa ya ce gwargwadon haka za a ɗebe daga ko'ina a kan. Labbo ya ce, "Yatsan wa, Malam? Nawa ko na jinjiri?" A ƙarshe ya haƙura da gaɓar yatsa, ya sayi ɗan almakashi mai kaifi ya ce da hannunsa zai yi. A filin jirgi aka laluba aljihu aka karɓe almakashin.

Kuma ku ji ikon Allah, a jirgi ɗaya da Ɗan Ige! 'Ya'yansa shi ma suka biya masa a shekarar. Ni ban je ba, daga bakin Ɗan Ige na ji sauran, kuma ya rantse bai ƙara gishiri ba, ko da yake wanzami ne.

Ya ce tun daga Arfa Labbo ya canza, ba tsokana, ba madubi. Sumar ta sha rana da ƙasa ta cukurkuɗe, bai ko taɓa ta ba. Da suka yi jifa aka yi yanka, alhazai suka zazzauna ana ta aski. Ɗan Ige ya samo reza yana yi wa 'yan tantinsu. Bai ko kalli Labbo ba, don ya ce a wuri irin wannan ba a tsokana. Sai kawai ya ga mutum ya zo ya durƙusa a gabansa ya miƙo kai.

"Ɗan Ige, aske."

"Saisaye dai? Bari in aro almakashi."

"Aske nac ce. Tas."

"Labbo, rana ta taɓa ka? Malamai sun ce ya halatta ka rage."

Labbo ya ce, "Na ji su. Amma jiya na duba, kowa ya zo da abin da za shi ba Allah. Ni ba ni da raƙumi, ba ni da garke, karatuna bai taka kara ya karya ba. Abin da nis so duk duniya, ga shi bisa kaina. In kawo shi har nan, in tsaya ina ciniki?"

Ɗan Ige ya ɗauki reza. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana wasa aska saboda kan nan, ga kan ya zo da ƙafarsa, shi kuwa hawaye sun hana shi gani. Da ƙyar ya yi bisimilla ya fara. Zobba na zuba a cinyar Labbo, Labbo na ta salati. Da ya gama ya goge idonsa, ya ja baya ya dubi aikinsa. Kai ne dogo mai tsini, ga kwari a tsakiya, ga tudu biyu a baya, kamar an fara ginin tulu aka fasa.

Ya ce, "Alhaji Labbo, don girman Allah, da ka hwaɗa man haka abin yake, ai da tuni na ƙyale ka!"

Wai Labbo ya yi dariya har ya kwanta, 'yan tanti suka ɗauka aljanu ne.

Da suka dawo Kaura, Hajo ta wuce shi a ƙofar gida tana tambayar ina Alhajinta. Mun yi masa tsiya iya tsiya, ni ne kan gaba, kuma bai taɓa nuna ya yi da-na-sani ba. Bai daɗe ba bayan nan. Da damina zazzaɓi ya kwantar da shi, kafin a yanke gero ya cika.

Ina cikin waɗanda suka yi masa wanka. Gashin ya fara dawowa, fari fat wannan karon, ƙanana-ƙananan zobba kamar na ɗan tunkiya sabuwar haihuwa. Ɗan Ige ne ke zuba ruwa. Na ga ya sa yatsa a hankali yana gyara su ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ce ya yi sauri.

Allah ka jiƙan Labbo. Ka karɓi abin da ya kai maka, ka rubuta masa lada a kan kowane sili, ka yafe masa dariyar da ya yi wa bayinka, mu ma ka yafe mana wadda muka yi masa. Amin.