Motar Kawu Mai Ƙofa Biyu

Ranar kasuwa ce, cikin kaka, shekarar da anka fara aza mini babban tulu. Ina hawowa daga rijiya sai na ji ruri kamar na bajimi, yara na gudu suna ihu. Wata jar mota ce ta shigo ƙauyenmu, nan gefen Allakaye, gajeruwa, cikinta na sharar duwatsu, ƙofa biyu tak. Kawu Sumana, ƙanen innarmu, ya fito daga ciki a duƙe. Tun daga Abija, can bakin teku inda ya tahi ci-rani, ya koro ta. Ashe rabonshi na garkar albasa ya saida, ya haɗa da abin da ya tara a ci-rani, wai manyan garin Madawa za su yi rububinta, ya fanshi garka har ya ƙara wata.

Mu yara zama ya ƙare mana. In an sa ni surfe, sai in yada taɓarya in tahi leƙen fuskata a jikin mota, in dawo in sha duka. Kawu kuwa yana goge ta safe da marece, ya zauna ya tashi, kunnenshi na kan hanya. Masu saye sun zo kam. Na tuna wani alhaji, dillalin albasa, da ya zagaya ta, ya leƙa baya ya ga wurin da ko akuya ba ta miƙe ƙafa. Ya ce, "To Sumana, in na ɗauki tsohuwata, ina mai riƙe ta za ta zauna?" Kawu ya ce ai wagga ba ta kwasar jama'a ba ce, ta gudu ce. Alhaji ya ce, "Gudun wa nike?" Ya kaɗe riga ya yi gaba.

A wurinmu mai mota ba shi da ikon motarshi. Mara lahiya, mai zuwa gaisuwar mutuwa, tsohon da ƙafa ta gaza, duk ƙofarshi suke tsayawa. Wata rana da hantsi naƙuda ta yi wa Hajo maƙwabciyarmu gardama, anka ce sai likita a Buza. Kawu ya buɗe ƙofa, har ga Allah da zuciya ɗaya. Amma wurin zama guda ne, ban da nashi. Uwar Hajo ta ce ɗiyarta ba ta tahiya ita kaɗai da namiji, kuma wa zai tallabe ta a hanya? Ana ta ja-in-ja, mace na murƙususu a ƙasa. Daga baya amalanken shanu anka ɗaura, mata sunka hau da ita. Kawu ya bi su a baya cikin jar mota, sannu sannu, shi kaɗai. Hajo ta sauka lahiya, amma labari ya kai Madawa, ba wanda ya sake tayawa. Kawu ya tsufa yana ban ruwa a garkar nan, ɗan ƙwadago.

Jiya jikana Nasiru ya tura mini waya a fuska, hoton irin motar kawu. Yana son ya saida garkar da ubanshi ya bar mishi, ya ɗauko biyu daga Kwatano. Na ba shi labarin kawu, ya yi dariya: "Kaka, yanzu kowa motar da ba a roƙonshi wuri yake nema." Na buɗe baki in tsawata, sai na tuna yadda motoci ke wuce tsofaffi a bakin hanya da gilashi rufe.

Tun jiya na kasa zama wuri guda. Ba tsoron ta ƙi sayuwa nike ba. Tsoron ta sayu nike.