Tsoho Mai Tsinkar Ɗanyen Lemo

Mijina Norimasa mutum ne mai surutu. Shi ne abu na farko da za a gaya maka game da shi a unguwarmu a Matsuyama, kuma ba sharri aka yi masa ba. In na aike shi sayen tofu, wato awara, da safe, sai na gama dafa shinkafa, na share ƙofar gida, sannan ya shigo yana ba ni labarin ciwon bayan mai shagon, tofun kuwa ya baro shi a kan kanta. To irin wannan mutumin ne aka ba aikin da babbar dokarsa ita ce ya kama bakinsa.

A ƙuruciyarsa ɗan wasan besbol ne, mai cafe ƙwallo, wanda yake tsugunawa a bayan mai bugu. Bai yi suna ba. Ya yi 'yan shekaru a benci yana ba waɗanda suka fi shi iyawa labari, har gwiwarsa ta ce ta gaji. Ƙungiyar ba ta sallame shi ba, ina jin sun saba da hayaniyarsa ne. Sai suka ba shi yankin Shikoku, suka ce ya riƙa zagaya makarantun sakandare yana nemo musu yara masu hannu. Tun daga lokacin rana ta ƙone masa wuya, bai kuma sake washewa ba.

Dokar kuwa kowa ya san ta. Mai neman 'yan wasa zai iya gaida koci, zai iya tsayawa bayan raga ya yi ta kallo har idonsa ya kawo ruwa, amma shi yaron ko sannu ba a ce masa, sai ranar da ya fito da kansa ya bayyana cewa yana son shiga wasan manya. Saboda haka duk maganar da Norimasa ya haɗiye a fili, ni yake zuwa ya juye wa a gida. Na san kafaɗun yaran Kochi da ƙafafun yaran Tokushima fiye da yadda na san 'ya'yan ƙanwata.

Yana da na'urar auna gudun ƙwallo kamar kowa, amma ba ita yake fara dubawa ba. Yakan duba yadda yaro yake baje ƙasar fili bayan an tashi, da yadda fuskarsa take in aka buge masa ƙwallo ta tsallake shinge. Sai kuma uwar yaron. Wata rana na raka shi kallon wasa, na lura idonsa ba ya kan fili, yana kan matan da ke raba wa yara shayi mai sanyi.

"Baban Misaki, wasan fa a can ake yi."

"Aiki nake yi."

"Aikin ne ya ce ka ƙura wa matar mutane ido?"

"Uwar mai lamba takwas ce. Dubi ƙugunta, dubi tsawon ƙafa. Yaron nan bai gama tsawo ba, na rantse miki."

"To ni me ka auna da za ka aure ni?"

"Ke ai ban auna ba, shi ya sa 'yarmu Misaki ta fito 'yar guntuwa."

A ranar nan shinkafa da gishiri ya ci.

Saura 'yan shekaru ya yi ritaya muka je wani ɗan tsibiri taron tunawa da gwaggona da ta rasu. Muna jiran jirgin ruwa a bakin gaɓa sai muka ji wata ƙara daga bayan makarantar garin, fas! Ƙwallo ce ta faɗa safar hannun mai cafewa. Norimasa yana tsakiyar ba ni labari ya tsaya cak. Aka sake, fas! Ya miƙo mini kwalin alawar da aka ba mu tsaraba, ya bi hanyar makarantar yana ɗingishi, ni kuma jirgi ya zo ya tafi ina tsaye. Da ya dawo idonsa kamar na yaron da aka saya wa keke.

"Tomie, na ga abin da nake nema tun ina da gashi."

Sunan yaron da yake jefa ƙwallon Seike Itsuki, ɗan ajin farko, siriri, a makarantar da sai an haɗa da ɗan limamin haikali mai fuka kafin 'yan wasa su cika taran da ake buƙata. Babu wanda ya taɓa zuwa tsibirin neman ɗan wasa, kuma Norimasa ya ƙudurta haka za ta ci gaba da zama.

Dalilinsa Manabe ne, mai nema wa wata ƙungiya. A cewar mijina, Manabe ba yara yake nema ba, masu neman yara yake nema. In ya ga motarka sau biyu a ƙofar makaranta ɗaya, gobe za ka same shi a can yana maka murmushi. Kuma in ƙungiya biyu suka kira sunan yaro ɗaya ranar zaɓen sababbin 'yan wasa, ƙuri'a ake jefawa. Norimasa ya sha rasa yara a cikin akwatin ƙuri'ar nan, kowane kuma sai da ya yi masa makoki.

A kan gangaren da ke saman filin makarantar akwai gonar lemon wata tsohuwa mai suna Fusae, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da itatuwa. Norimasa ya je ya ce zai riƙa taya ta aiki kyauta. Ya sayi malafa, ya rataya tawul a wuya, ya sa takalmin roba, ya riƙe almakashi. Duk ranar da ya samu sarari sai ya hau jirgi ya je gona. A bishiya ɗaya yake tsayawa, don daga gindinta ake hango wurin jifa sosai, kuma tunda idonsa ba ya kan hannunsa, duk abin da almakashi ya samu sai ya datse.

Ba a yi wata biyu ba Fusae ta kira ni a waya.

"Ke ce matar mutumin nan? Ki gaya mini gaskiya, ɓarawo ne ko mai taɓin hankali? Ya aske mini bishiya guda, lemo kore shar yake tsinkewa, baki kuma ba ya rufuwa."

Na gaya mata gaskiya. Ta yi dariya har tana tari, ta ce ta yafe masa bishiyar, amma ciyawar gonar gaba ɗaya shi zai cire. Daga nan muka zama ƙawaye.

Haka aka tafi. Yaro ya yi tsawo, kamar yadda Norimasa ya ce ƙugun uwarsa ya yi alkawari. Ƙarar ƙwallonsa ta kai har gona ake jinta. Ni kuma na koyi yin tsimi da ɗanyen lemo, na raba wa maƙwabta har suka fara ɓuya in sun hango ni da kwalba.

A farkon shekarar Itsuki ta ƙarshe, wata rana Norimasa ya dawo gida bai ce komai ba. Ya cire takalmi shiru, ya zauna shiru. Na tsorata, na je na taɓa goshinsa.

"Wa ya mutu?"

"Yaron zai bari."

Fusae ce ta gaya masa. Uban Itsuki ma'aikacin jirgin ruwan nan ne, kuma ya riga ya samo wa ɗansa gurbi a ciki. Da an gama gasar bazara zai rataye safarsa ya koma ɗaure igiya. Yaron da kansa ya yarda. Ya ce tun da ya shiga makarantar ko mutum ɗaya mai kwat bai taɓa zuwa kallonsa ba, ke nan abin da yake da shi na tsibiri ne kawai. A wurinmu kuwa iyaye ba sa auna ƙungiya da saƙo, da ƙafa suke auna ta: sau nawa mutuminku ya zo ya tsaya a rana, ya rusuna wa koci.

"Na ɓuya da kyau," in ji shi. "Na ɓuya har yaron ya ɗauka shi ne ba kowa ba."

"To ka fito mana."

"In na fito Manabe zai biyo ni. Sai ƙuri'a. Kin san hannunmu a ƙuri'a."

Raina ya ɓaci, don na ga yana neman in lallashe shi ne. Na ce, "Malam, shekara biyu da wani abu ina shan tsami saboda yaron nan. In Manabe ya ɗauke shi, zan kunna talabijin in gan shi. In jirgi ya ɗauke shi, sai dai in miƙa masa tikiti. Zaɓi ɗaya."

Ban jira amsarsa ba, na ɗauko kwat ɗinsa na fara guga.

Washegari ya sauka a tsibirin cikin baƙin kwat da tambarin ƙungiya a ƙirji, ana zafi kamar a bakin murhu. Ya rusuna wa koci, ya je bayan raga ya ɗaga na'urarsa inda kowa zai gani. Babu wanda ya gane shi, don ba a taɓa ganin kansa babu malafa ba. Fusae tana kallo daga sama, ta ce da Itsuki ya hango na'urar, ƙwallon farko da ya jefa ta tsallake raga ta faɗo gonarta. Ta biyu kuwa sai da mai cafewa ya cire safa yana yarfe hannu.

Kafin mako ya zagayo sai ga Manabe a jirgi, fuska ta yi fari saboda amai.

"Norimasa, tsohon munafuki! Ashe nan kake noma?"

"Sannu da zuwa. Ka ci abinci sosai kafin ka koma, ruwan yamma ya fi tashi."

Bayansa wasu suka biyo. Mai ɗan shagon bakin gaɓa ya ce bai taɓa sayar da ƙanƙara kamar ta bazarar nan ba. Uban Itsuki yana ɗaure igiya yana kallon masu kwat suna sauka daga jirginsa, daga nan kuma maganar gurbi ba a sake jin ta ba. An fitar da makarantar daga gasar kafin a je ƙarshe, tara ɗin nan sun yi iya yinsu, sannan Itsuki ya bayyana cewa zai shiga zaɓe.

Daga ranar doka ta ba Norimasa damar yi masa magana, amma ya ƙi. Ya tura maigidansa na ƙungiya. Ya ce shi ba zai yi wa yaro alkawari da abin da ke cikin akwati ba.

Ranar zaɓe muka je tsibirin tare. Mutanen gari da 'yan jarida sun cika ɗakin taron makarantar suna kallon talabijin, shi kuwa ya ce ba zai iya ba. Ya haye gona da kwat ɗinsa ya zauna gindin bishiyarsa, Fusae ta kifa masa malafa saboda ranar yamma, ta ajiye rediyo a tsakaninmu. Aka kira sunan Itsuki daga ƙungiyarmu. Aka sake kira daga ta Manabe. Norimasa ya toshe kunne da hannu biyu ya rufe ido, don haka shi ne mutum na ƙarshe a tsibirin da ya san mu muka ci ƙuri'ar. Ihun da ya taso daga makarantar ne ya sa ya buɗe ido, ya ga ni da Fusae mun rungume juna muna tsalle, tsofaffi biyu babu kunya.

Ya gangara da gudu, ya manta da gwiwa, ya manta da malafa. Abokan Itsuki sun ɗauko shi a kafaɗa sun fito da shi fili. Daga can sama ya hango mutum yana tahowa, ƙasa kwat, sama malafa. Ya ce a sauke shi.

"Kaka mai lemo?" Ashe sunan da yaran suka sa masa ke nan. "Kai ne mai na'urar? Kai ne tun farko?"

Norimasa ya buɗe baki, babu abin da ya fito. Tun da na aure shi ban taɓa ganin haka ba. Ya tsaya, hawaye na bin wuyan nan da rana ta ƙone.

Yaron ya cire hula ya rusuna har ƙasa.

"Kaka, kai kaɗai ne ɗan kallonmu. Duk ranar da na ji na gaji, sai in ɗaga kai in gan ka a bishiyar nan, in ce tsohon nan bai iya tsinkar lemo ba ko kaɗan, amma bai fasa zuwa ba. Kai nake jefa wa."

Ni a nan na fashe da kuka, ban damu da 'yan jarida ba. Norimasa ya share fuska da hannun kwat ɗin da na sha wahalar gogewa, ya kama hannun yaron na dama ya juya shi yana dubawa, sannan ya faɗi maganarsa ta farko.

"In ka gaji gwiwar hannunka tana sauka."

Shi ke nan, baki ya buɗe. Ya gaya masa abin da ya yi daidai a ajin farko, da abin da ya ɓata ranar da aka yi ruwa a aji biyu, da ranar da ya baje ƙasa shi kaɗai bayan kowa ya tafi. Itsuki yana tsaye yana cewa "to" yana dariya, uban yana gefe da hularsa ta aiki a hannu, ya bar abokan aikinsa da igiya. Can a gaɓa jirgin ƙarshe ya yi ta busa ƙaho yana kira, daga uban har ɗan babu wanda ya waiwaya.